Blue Spring: Yadda Mutane da Ayu Suke Rabon Ruwa Ɗaya a Fulorida

A tsakiyar jihar Fulorida ta Amurka, kimanin kilomita 50 arewa da birnin Orlando, dab da garin Orange City, akwai wani gandun shaƙatawa da ake kira Blue Spring. Gwamnatin jiha ce ke da shi, ba ta tarayya ba, kuma yana cikin gandaye da wuraren tarihi 175 da hukumar gandayen jihar take kula da su. Faɗinsa ya haura eka 2,600, yawanci daji da fadama, amma abin da yake jan jama'a zuwa can ɗan ƙaramin yanki ne: wani idon ruwa mai zurfi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa, da kuma rafin da ya taso daga gare shi, wanda bai kai kilomita ɗaya ba kafin ya faɗa kogin St. Johns. Duk wani tsari na gandun, daga lokacin da ake barin mutane su yi iyo zuwa lokacin da ake rufe ƙofa a hana mota shiga, a kan wannan ɗan rafin aka gina shi, kuma wanda bai fahimci ruwan ba ba zai gane dalilin dokokin ba.

Ƙarƙashin Fulorida dutsen farar ƙasa ne mai ramuka da koguna, wanda ruwan sama yake tsumawa cikinsa ya taru, sannan matsin da ke ƙasa ya turo shi waje a duk inda ya sami kafa. Blue Spring ita ce kafa mafi girma a gaɓar kogin St. Johns, tana fitar da kimanin galan miliyan 100 a kowace rana, wato wajen lita miliyan 380. Da yake ruwan ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa kafin ya fito, zafin rana da sanyin dare ba sa taɓa shi, don haka ɗuminsa yana tsaye a kan digiri 22 a ma'aunin Selshiyas, rani da damina. Duk wanda ya taɓa jan ruwan rijiya da asubar hunturu ya ji shi da ɗumi, sannan ya ja daga rijiyar nan da tsakar ranar bazara ya ji shi da sanyi, ya riga ya san sirrin wurin. Yanayin da ke kewaye ne yake sauyawa, ruwan yana nan yadda yake.

Tsakiyar Fulorida ba ta cikin ƙasashen da zafi yake dawwama a cikinsu, ba ta kuma cikin waɗanda ƙanƙara take rufewa. Tana tsakanin biyun ne. Daga watan Mayu zuwa Satumba akwai zafi mai gumi da yakan wuce digiri 32, ga hadari da tsawa kusan kowace la'asar. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa iska mai sanyi takan gangaro daga arewacin nahiyar, ta yi kwana biyu ko uku tana kaɗawa, wani dare har raɓa ta daskare, kogin St. Johns ya yi sanyi ƙwarai. Saboda haka ruwa mai digiri 22 yakan zama wurin shan sanyi ga ɗan Adam rabin shekara, ya kuma zama mafakar ɗumi ga wata dabba a sauran rabin. Masu buƙatar biyu ne, ruwan ɗaya, rafin kuma ƙunci gare shi.

Da zafi wurin na mutane ne. Ana buɗe ƙofa da ƙarfe takwas na safe, kuma a ranakun hutu layin motoci yakan riga buɗewar. Iyalai sukan zo da akwatin ƙanƙara da abin gashi, su kama tebur a inuwar manyan itatuwan da wani tsiro mai launin toka yake rataye a rassansu. Abin da aka fi yi shi ne a yi hayar tayar roba da aka hura, a ɗauke ta a kafaɗa a bi gadar katako zuwa sama, a sauka ta matakala, a kwanta a kanta ruwa ya gangaro da mutum a hankali har wurin fita, sannan a sake komawa sama. Shigar farko takan ɗauke wa mutum numfashi, domin jikin da ya sha rana yana jin digiri 22 da sanyi sosai, amma cikin minti kaɗan yakan saba. Ruwan garau yake, mai iyo da tabarau da bututun numfashi yana ganin yashin ƙasa, da kunkuru a kan kututture, da wani kifi mai dogon baki da yakan tsaya cak a tsakiyar ruwa a jere da 'yan'uwansa. Abin lura shi ne kusa da bakin idon kansa kifaye ba su da yawa, saboda ruwan da ya fito daga ƙasa yana da ƙarancin iskar shaƙa, sai ya yi tafiya kaɗan a sarari kafin ya ɗauke ta.

Masu nutso da tukunyar iska su ma suna da rabonsu, amma da sharuɗɗa masu tsauri. Bakin idon tsaga ce a cikin dutse da ta gangara kimanin mita 36, kuma ƙarfin ruwan da ke fitowa yana tura mutum sama. Sai an nuna takardar shaidar horo, sai kuma da abokin nutso. Wanda horonsa na buɗaɗɗen ruwa ne kawai ba a yarda ya wuce mita 18 ba, kuma ba a yarda ya riƙe fitila ba. Wannan doka ta biyu tana da hikimar da ba a gani da farko: wanda ba shi da fitila zai tsaya inda hasken rana ya ƙare, wanda yake da ita kuwa zai ji sha'awar leƙa gaba, a can ne kuma ramin yake ƙuncewa. An yi asarar rayuka a cikin wannan rami, kuma daga waɗannan asarori aka ɗauko sharuɗɗan.

Akwai haɗarin da ba na rami ba. Kada ɗan gida ne a kowane ruwa na Fulorida, kuma rafin a buɗe yake ga kogi. A watan Oktoba na 2015 wani kada da tsawonsa ya haura mita uku da rabi ya kashe wani dattijo da ke iyo a rafin. Irin wannan ba ya yawan faruwa, amma ya isa ya nuna cewa wurin ba kwamin wanka na otel ba ne. Ma'aikata sukan rufe ruwan idan aka ga babban kada, sukan kuma fitar da kowa da an ji rugugin tsawa, domin Fulorida tana cikin jihohin da aradu ta fi kashe mutane a Amurka. Hana ciyar da kada da dokar jiha ta yi ma daga nan ya samo tushe, tunda kadan da ya saba karɓar abinci a hannun mutum yakan daina gudun mutum.

Daga 15 ga Nuwamba zuwa ƙarshen Maris kuwa a kan rufe rafin gaba ɗaya. Ba iyo, ba nutso, ba taya, ba kwalekwale. Lokacin ayu ne. Wannan dabba ɗan'uwan ayun da masunta suka sani a kogin Kwara da Binuwai ne, jinsinsu daban amma danginsu ɗaya. Babba yakan kai mita uku, nauyinsa ya kai rabin tan, ciyawar ruwa ce abincinsa, kuma yakan leƙo da hanci ya shaƙi iska bayan kowane minti uku zuwa biyar. Mai ganin girmansa zai zaci kitse ne ya lulluɓe shi, alhali yawancin cikin nan hanji ne mai tsawo na narkar da ciyawa. Kitsen da ke ƙarƙashin fatarsa kaɗan ne, jikinsa kuma ba ya samar da zafi da sauri. Idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 ya daɗe a haka, sai narkewar abincinsa ta tsaya, fatarsa ta yi fararen miyaku, garkuwar jikinsa ta faɗi, ƙanana su fara mutuwa. Tazarar da ke tsakanin ɗumin idon da iyakar da ayu zai iya jurewa digiri biyu ce kacal, kuma a kanta rayuwar ɗaruruwansu take rataye a daren sanyi.

Matsalar ita ce babu abinci a cikin rafin da zai ishe su. Ayu yakan ci abin da ya kai kashi goma cikin ɗari na nauyinsa a yini, don haka dole ya fita kogi mai sanyi ya yi kiwo idan rana ta ɗaga, ya dawo ya ɗumama jiki. Lissafi ne na ƙarfin jiki: abin da ya ci a waje dole ya fi abin da sanyi ya cinye masa. A nan ne illar mai iyo take, ko da niyyarsa kyakkyawa ce. Ayu ba ya cizo, ba ya faɗa, abin da yake yi idan an dame shi shi ne ya tashi ya bar wurin, kuma wurin da zai je shi ne ruwan sanyin da ya gudo daga gare shi. Mutum ɗaya da ya matso don shafa bayansa ko ɗaukar hoto ba zai ga ɓarnar da ya yi ba, domin dabbar ta tafi ne kawai cikin natsuwa. Idan aka tara irin wannan sau ɗari a yini, sai mafakar ta tashi daga aiki. A ganina wannan shi ne hujja mafi ƙarfi ta rufe ruwan ɗungurungum maimakon a ce a yi iyo da hankali, domin hankalin kowane mutum ɗaya ba ya maganin yawan jama'a.

Rufe ruwan bai kori baƙi ba, ya sauya musu abin yi ne. Gadar katakon da masu taya suke bi da zafi ita ce ta zama wurin kallo da sanyi, tana bin gaɓar rafin daga bakin kogi har idon, da dandamali a wurare da dama da suka leƙa kan ruwa. Da sassafe bayan daren sanyi tururi yana tashi daga saman rafin, ayu kuma suna kwance a ƙasa gefe da gefe, wani wuri har ba a ganin yashi. Can sai a ji huci, hanci biyu su fito su koma. Uwa takan wuce da ɗanta manne a gefenta, yana tsotso daga bayan hannunta, inda nonon yake. Ana kuma ganin wata irin tarwaɗa mai sulke, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta shigo ruwan Fulorida ta hannun masu kiwon kifin ado. Takan manne a bayan ayu tana kankare gansakuka, shi kuma ya yi ta juyi yana neman kakkaɓe ta, ƙarfin da ya kamata ya adana yana tafiya a banza. Wanda yake son ganin taro mai yawa sai ya duba hasashen yanayi ya zo da safiyar da ta fi sanyi, domin idan rana ta yi ɗumi yawancinsu suna kogi.

Ba haka wurin yake ba a da. Mutanen asalin ƙasar sun zauna a gaɓar ɗaruruwan shekaru, suka bar tudun ɓawon katantanwa, kuma a kan wannan tudu ne Louis Thursby, wanda ya zo a 1856, ya gina gidan katako a 1872 da har yanzu yake tsaye, baƙi suna shiga kallo. A zamaninsa wurin tashar jiragen ruwa masu tururi ce da ake lodin lemo. Jirgin ƙasa ya zo ya karɓe sufurin, sanyin 1894 da 1895 ya kashe gonakin lemon, daga baya wurin ya zama sansanin masunta inda jiragen inji suke shiga rafin yadda suka ga dama. A 1970 masu bincike ayu 14 kawai suka iya bibiya a ciki. A 1971 Bafaranshen nan mai binciken teku, Jacques Cousteau, ya ɗauki shirin talabijin a wurin da ya nuna wa Amurkawa halin da dabbar take ciki, a 1972 kuma jiha ta mai da shi gandu. Dokokin tarayya na 1972 da 1973, da ta jiha ta 1978, suka haramta cutar da ayu ko takura masa. Zuwa 2005 masu zuwa hunturu sun haura 200, a ranar 21 ga Janairu 2024 kuma aka ƙirga 932 a safiya ɗaya.

Yadda ake gane su ɗaya bayan ɗaya abu ne mai sosa rai. Kowace safiyar hunturu masu bincike na ƙungiyar kare ayu, wadda aka kafa a 1981 da hannun gwamnan jihar na lokacin, Bob Graham, sukan shiga kwalekwale su bi rafin suna kiran suna. Wayne Hartley, wanda ya fara a matsayin ma'aikacin gandun, ya shafe shekaru fiye da arba'in yana wannan aiki, har ya san zuriyar wasu daga kaka zuwa jika. Abin da ake gane su da shi tabo ne. Kusan kowane babban ayu yana ɗauke da jerin yankan farfelar jirgi a gadon bayansa ko guntulewar wutsiya, kuma zanen tabon kowanne daban yake. Wannan yana nuna iyakar ikon gandun: a cikin rafin babu jirgi, amma da dabbar ta fita kiwo ta shiga kogin da masu jiragen shaƙatawa suke amfani da shi, inda kariyarta kawai ita ce alamun rage gudu da kuma biyayyar direba. Baƙon da ya yi kallo da safe ya hau jirgi da rana, shi ne dai mutumin da dokar kogin take magana da shi.

Bai kamata a karanta adadin 932 a matsayin shaidar cewa komai ya gyaru ba. A 2017 gwamnatin tarayya ta sassauta matsayin ayu daga mai fuskantar ƙarewa zuwa mai fuskantar barazana, amma a 2021 kimanin 1,100 suka mutu a Fulorida, da yawansu saboda yunwa, bayan gurɓatar ruwa ta kashe ciyawar teku a gaɓar gabas. Bugu da ƙari, kaso mai yawa na ayun jihar suna yin hunturu ne a bakin tashoshin wutar lantarki, inda ake sako ruwan ɗumi da aka sanyaya injuna da shi. Ranar da aka rufe waɗannan tashoshi ko aka sauya fasaharsu, idanun ruwa na halitta ne za su ɗauki nauyin. Shi ya sa ake kawo marayun da aka yi jinya a saka su a Blue Spring da hunturu, don su koyi hanyar mafaka daga manya. A rana ɗaya cikin Fabrairun 2023 an saki goma sha biyu. Cunkoson da ake gani nasara ce, amma kuma alama ce ta ƙarancin irin wannan wuri.

Batun da ya fi ɓata wa baƙi rai shi ne rufe ƙofa. Kuɗin shiga kaɗan ne, dala 6 ga mota mai ɗauke da iyali, amma idan wurin ajiye motoci ya cika sai a tsayar da shiga har wasu su fita, kuma hakan yana faruwa da zafi da sanyi. Mutumin da ya tuƙo daga nesa da yara a bayan mota yana da hujjar jin haushi, kuma masu cewa dukiyar jama'a ce a faɗaɗa wurin ajiyar ba maganar banza suke yi ba. Sai dai girman wurin ajiyar shi ne ma'aunin da yake ƙayyade yawan ƙafafun da za su taka gaɓar rafin. Gaɓar yashi ce mai saurin zaizayewa, duk inda masu iyo suka saba hawa saiwoyi sukan bayyana, itace ya faɗi, yashi ya cike inda ayu yake kwanciya. Ninka motocin ninka wannan ɓarnar ne, rafin kuma ba ya faɗaɗa. Na fi ganin adalci a iyakance ta hanyar wanda ya riga zuwa, a kan iyakancewa ta hanyar tsauwala kuɗi, wadda za ta tace talaka kawai.

Sauran gandun ba ya samun irin wannan turmutsutsu. Akwai wuraren kafa tanti 51 da ɗakunan kwana shida da ake kamawa tun da wuri, akwai jirgin yawon sa'a biyu a kogin St. Johns inda ake ganin zalɓe da gaggafa da kada, ana kuma hayar kwalekwale a bi ta wajen tsibirin Hontoon. Hanyoyin ƙafa suna ratsa wani daji mai gajerun itatuwa a kan farin yashi, mazaunin wani shuɗin tsuntsu da babu shi a ko'ina a duniya sai Fulorida. Baƙo zai iya tarar da wani sashe a ƙone ƙurmus ya zaci ganganci ne, alhali ma'aikata ne suka sa wutar da gangan. A da tsawa ce take kunna irin wannan daji lokaci zuwa lokaci, kuma idan aka hana shi wuta itatuwan sukan yi tsawo su rufe, tsuntsun ya ƙaura.

Babbar barazanar ba ta shigowa ta ƙofa ko kaɗan. Ruwan da ke fitowa a idon ruwan sama ne da ya sauka a kan garuruwan da ke kewaye, irin su Deltona da DeLand da Orange City, kuma daga wannan taskar ta ƙarƙashin ƙasa ake jan ruwan famfonsu da na ban-ruwan ciyawar ƙofar gida. Duk litar da aka ja a can ta ragu a nan. Idan ƙarfin ɓuɓɓugar ya ragu, ruwan kogi mai duhu da sanyi yakan kutso cikin rafin daga ƙasa, ya rage tsawon wurin ɗumin a daidai lokacin da yawan masu buƙatarsa yake ƙaruwa. Don haka ne a 2006 hukumar ruwa ta yankin ta ƙayyade mafi ƙarancin abin da idon zai riƙa fitarwa, ta ɗaura ƙa'idar a kan buƙatar ayu, abin da ya tilasta wa garuruwan neman wasu hanyoyin samun ruwa. Takin zamani da ramukan masai na dubban gidaje kuma suna tsiyaya sinadarin da yake ciyar da gansakuka. Ma'aikacin gandu yana da ikon fitar da mai iyo daga ruwa, amma ba shi da iko a kan famfon gidan da ke nisan kilomita goma.

Tambayar me ake nufi da shaƙatawa a gandun jiha ta fito fili a watan Agustan 2024, lokacin da aka bankaɗo shirin gwamnatin Fulorida na gina filayen wasan golf da manyan masaukai da filayen wasanni a gandaye tara. Blue Spring ba ya cikinsu, amma ƙa'idar da aka so a taɓa ita ce wadda yake tsaye a kanta. Jama'a daga manyan jam'iyyun siyasar Amurka biyu suka yi zanga-zanga a ƙofofin gandaye, cikin kwanaki aka janye shirin, a 2025 kuma majalisar jihar ta zartar da dokar da ta hana irin waɗannan gine-gine, gwamna Ron DeSantis ya sa mata hannu. Dokar ta fifita nishaɗin da ya dogara da yanayin wurin kansa, kamar iyo da tuƙa kwalekwale da kafa tanti da kallon tsuntsaye, kuma ta wajabta a ba jama'a sanarwar kwana 30 kafin a zauna kan sauya tsarin kula da kowane gandu.